Yadda za a koyar da darasin garuruwan Cree a makarantar karkara

Malamin labarin ƙasa da ke koyarwa a yankin Auyo ko Kafin Hausa yana da wata dama, domin ɗalibansa sun san kogi, sun san fadama, sun kuma san yadda ambaliya ke tashin gari. Da waɗannan ya kamata ya buɗe darasi kan al'ummar Cree, ɗaya daga cikin manyan ƙabilun asali na ƙasar Kanada.

Malam, ka ɗauki gari ɗaya tak. Attawapiskat ya wadatar, wanda ke kusa da mashigar kogi mai wannan suna a yammacin gaɓar tekun James Bay, cikin lardin Ontariyo. Ka nuna musu a taswira cewa Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi kuwa garin yana wajen digiri 53, shi ya sa yini a can yake kusan awa 17 a watan Yuni, amma ba ya cika awa 8 a Disamba. A nan yara kan fara lissafin tsawon azumi, kuma ina ganin bai kamata a katse su ba.

Sanyi ba ya bayyanuwa da baki kawai. Ka sayo ƙanƙara wajen mai lemo, ka ɗora wa yaro a tafin hannu har ya fara yarfe yatsu, sannan ka gaya musu cewa firiza tana tsayawa ne wajen digiri 18 ƙasa da sifili, alhali a Janairu sanyin can yakan zarce 30 ƙasa da sifili.

Wurin da ya fi cancantar a daɗe shi ne batun hanya. Ƙasar yankin fadama ce mai taɓo wadda ba a shimfiɗa titi a kanta ba, don haka mafi yawan shekara sai jirgin sama, abin da ke sa kayan masarufi tsada ƙwarai. Sai ƙasa da koguna sun daskare ake buɗe hanyar ƙanƙara daga garin Moosonee, mai tsawon kusan kilomita 300, a yi 'yan makonni ana jigilar man fetur da kayan gini kafin ta narke. Mu rani ne ke buɗe mana hanya, su kuwa sanyi.

Ambaliyarsu kuma ba ta damina ba ce. Ƙanƙarar kogi ce ke tsagewa a Afrilu ko Mayu, ta toshe mashigi, ruwa ya malale. An sha kwashe mutanen Kashechewan, wani garin Cree, da jirgi saboda ambaliyar kogin Albany, kuma a 1986 ambaliya ta rusa garin Winisk, mazaunansa suka kafa sabon gari mai suna Peawanuck.

Ka rufe da dinya, tsuntsuwar da yaran fadama suka sani. A can, dawowar irin tasu dinyar bayan sanyi lokacin farauta ne da iyalai ke fita daji, har makarantu kan ba da hutu. Sai ka sa kowane ɗalibi ya zana watanni 12 a allo, ya jera ayyukan garinsu a gefe ɗaya, na Attawapiskat a ɗaya gefen.