Yadda nake shirin gudun fanfalaki tare da iyalina

Duk ranar Asabar daga Oktoba zuwa Janairu, da na idar da sallar asuba sai in ɗaura takalmi in kama hanyar gonarmu da ke bayan Shika. Daga ƙofar gidanmu a Samarun Zariya zuwa bakin gonar kilomita 14 ne. Uwargida da yara sukan biyo ni daga baya da fulas ɗin koko da kwanon ƙosai. Haka nake shirin gudun fanfalaki na Legas, mai kilomita 42.195, wanda aka fara a 2016 kuma akasari a watan Fabrairu ake yin sa; hanyar da aka saba bi a baya ita ce daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere zuwa Eko Atlantic. Ni malamin makaranta ne mai 'ya'ya uku, kuma wannan tsarin ne ya sa atisaye bai raba ni da gidana ba.

Kafin ka yi rajista, zauna da matarka. Shirin zai ci mako 16 zuwa 18, kuma safiyar da za ka fita ita ce za ta ji da wankan yara da karin kumallo. Da na kai wa tawa maganar, cewa ta yi: "Malam, ka yi gudunka, amma ranar Lahadi tamu ce." A kan haka muka tsaya, ban taɓa saɓawa ba.

Idan kana iya gudun kilomita goma ba tare da tsayawa ba, kwana huɗu a mako sun ishe ka. Talata, Laraba da Alhamis ka yi kilomita shida zuwa takwas bayan asuba, ka dawo kafin yara su tafi makaranta. Asabar ita ce ta dogon gudu. Kada abin da za ka ƙara a mako ya wuce kashi goma cikin ɗari na makon da ya gabata, kuma duk mako na huɗu ka rage. Huhu da zuciya suna saurin sabawa, amma agara da ƙashin ƙwauri a hankali suke ƙarfi, kuma su ne suke fara kwantar da mai gaggawa.

Dogon gudu a hankali ake yin sa, sassarfa ce kawai. Ma'aunina babban ɗana ne mai shekara goma sha ɗaya. Idan muka isa gona yakan hau kekensa ya jera da ni, yana ta tambaya: "Abba, me ya sa dawar maƙwabcinmu ta fi tamu tsawo?" Idan na ba shi amsa cikakkiya ba haki, tafiyata daidai ce. Idan maganar ta fara yankewa, na san na zarce, sai in sassauta. Agogo mai tsada ba zai gaya maka fiye da haka ba.

Da nisan ya fara wuce 14, ba na sake hanya. Akwai burtalin da ya zagaye gonakinmu, kusan kilomita biyu, shi nake ta zagayawa har in cike 20, 24, daga baya 30 ko 32, wanda shi ne iyakar abin da nake yi kafin ranar tsere. Yara suna shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa, nan ne tashata. Duk zagaye autarmu za ta taso da gora tana miƙo min da hannu biyu, yayarta kuma ta saka min dabino uku a tafi. Wannan ma atisaye ne. Abincin da jiki ya adana a tsoka yakan ƙare wajen kilomita 30, a nan ƙafa take yin nauyi kamar an ɗaura mata dutse, don haka dole ciki ya saba da karɓar abinci ana cikin gudu. A gora ɗaya nakan zuba ɗan gishiri da sukari.

Lokacin kaka ne, aiki ya yi yawa a gona, amma ka yi hattara. Wata Asabar bayan kilomita 28 na sa hannu aka yi ta ɗora buhunan masara a mota, sai da bayana ya hana ni gudu kwana goma. Yanzu idan na gama, zama nake yi cikin yara muna ɓarar wake.

Abin da ya fi yaudarar ɗan Arewa shi ne hunturu. Sanyin Disamba yana sa gudu daɗi, iska tana busar da gumi kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka buƙatar ruwa. Ka sha ko ba ka ji ƙishirwa sosai ba. Ka shafa man kaɗe a dunduniya saboda faso, da tsakanin cinyoyi saboda guga. Ranar da hazo ya rufe gari, ka rage ko ka haƙura. Legas kuwa zafi ne da danshi, gumi ba ya bushewa, kuma gadar Third Mainland mai kilomita 11.8, wadda tseren ya saba bi a baya, babu inuwa a kanta. Shi ya sa a Janairu nake mayar da gajeren gudu ɗaya zuwa bayan la'asar, lokacin da rana take da sauran ƙarfi, don jiki ya san zafi.

Mako uku na ƙarshe rage nisa ake yi, kuma kada ka gwada sabon takalmi ko baƙon abinci. Asabar ɗin ƙarshe ba na gudu sam. Mukan tafi dutsen Kufena da yara, mu hau a hankali da ƙafa, mu ci ɗumamen tuwo a saman falalen dutse, mu sauko kafin azahar in je in haɗa jakata.