Shawara ga masu zuwa farautar elk da kwari da baka

Jama'a duk wanda zai shiga dajin Idaho a Amurka watan Nuwamba ko Disamba neman elk, wannan ƙatuwar barewar, don Allah kar ya ɓata lokaci yana busa musu kira, barbara ta wuce tun Oktoba, mazan sun gaji ciyawa kawai suke nema. In baka san dajin ba, samu tudu ka zauna da tabaran hangen nesa ka duba gangaren da ke kallon kudu, nan rana ke narkar da ƙanƙara su samu kiwo. Sannan iska fa, da asuba gangarowa take, rana na ɗagawa ta koma sama, hancinsu kuwa baya kuskure wallahi. Ƙanƙarar da ta daskare tana ƙara in ka taka, jira ta yi laushi tukun.