Yadda ake sanya Windows 7 a kan kwamfutar da ke da ma'ajiyar NVMe

Wanda ya yi ƙoƙarin sanya Windows 7 a kan sabuwar kwamfuta yakan tsaya a wuri guda: ya iso shafin zaɓar faifan da za a zuba manhajar a kai, ya tarar babu ko faifai ɗaya, alhali ma'ajiyar tana nan lafiya lau. Dalili shi ne Windows 7 ta fito a 2009, ƙa'idar NVMe kuwa, wato hanyar da ma'ajiyar SSD mai sauri ke haɗuwa da kwamfuta, sai a 2011 aka fitar da ita, don haka babu direbanta, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta gane na'ura, a cikin manhajar. Maganin shi ne a cusa direban cikin fayilolin sanyawa tun kafin a fara, kuma kusan dukkan aikin a kan wata kwamfutar mai lafiya ake yin sa.

Da farko a duba ko kwamfutar za ta karɓi aikin, domin kada a sha wahalar banza. A shiga saitin UEFI, wato saitin babban allon kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta tashi, a kashe Secure Boot, a kunna CSM, wato zaɓin da ke kwaikwayon tsohon BIOS, saboda Windows 7 tana dogara da tsohuwar hanyar BIOS wajen nuna hoto lokacin da take tashi, kuma idan babu CSM takan daskare a tambarin farko. Kwamfutoci da yawa na shekarun nan ba su da wannan zaɓi sam, kuma a ganina wanda ya tarar da haka gara ya sanya Windows 7 a cikin VirtualBox, manhajar da ke gudanar da kwamfutar kwaikwayo a cikin wata, ko makamancinta ya huta. Idan akwai saitin RAID ko Intel VMD, a kashe shi, domin yana ɓoye ma'ajiyar daga direban da za a cusa.

Sai a tanadi kayan aiki: fayil ɗin ISO, wato kwafin faifan sanyawa, na Windows 7 mai Service Pack 1, nau'in 64-bit, da filashi mai gigabait 8, da gyare-gyare biyu na Microsoft, wato KB2990941 wanda ke kawo direban NVMe, da KB3087873 wanda ke magance faɗuwar da na farkon ke haddasawa a wasu kwamfutoci. A haɗa da direban USB 3.0 daga kamfanin da ya ƙera babban allon kwamfutar. Mutane sukan raina wannan direba tunda ba na ma'ajiya ba ne, amma tun daga na'urorin Skylake da Intel ya fitar a 2015 aka cire tsohon mai sarrafa USB, kuma ba tare da wannan direban ba madannai da linzami za su mutu, ko kuma a ga saƙon da ke cewa an rasa direban CD ko DVD, wanda a gaskiya filashin ne manhajar ta kasa gani.

A zuba ISO ɗin a filashi da manhajar Rufus, a zaɓi tsarin rabon faifai na GPT idan ana son tashi ta UEFI. A cikin foldar sources ta filashin akwai fayiloli biyu da za a gyara, kuma ya kamata a san bambancinsu: boot.wim shi ne ƙaramar manhajar da ke gudanar da sanyawa, install.wim kuma shi ne Windows ɗin da za ta zauna a kwamfutar. Wanda ya gyara na farko kaɗai zai ga faifai, ya kammala sanyawa cikin murna, sannan kwamfutar ta sake tashi ta nuna masa shuɗin allo mai lamba 0x7B, domin Windows ɗin da ya zuba ba ta san ma'ajiyar da take zaune a kai ba.

A kwafo fayilolin biyu zuwa foldar C:\aiki, a buɗe folda fanko mai suna C:\buɗe, a ajiye gyare-gyaren a C:\gyara da direbobin a C:\direba, sannan a buɗe Command Prompt da ikon shugaba (administrator) domin amfani da DISM, manhajar Windows mai gyara irin waɗannan fayiloli. A fara da gano lambar nau'in Windows da ake so:

dism /Get-WimInfo /WimFile:C:\aiki\install.wim

Idan lambar ta kasance 3 misali, sai a bi waɗannan umarni ɗaya bayan ɗaya:

dism /Mount-Wim /WimFile:C:\aiki\install.wim /Index:3 /MountDir:C:\buɗe
dism /Image:C:\buɗe /Add-Package /PackagePath:C:\gyara
dism /Image:C:\buɗe /Add-Driver /Driver:C:\direba /Recurse
dism /Unmount-Wim /MountDir:C:\buɗe /Commit

A maimaita hakan a kan boot.wim, lamba 1 da lamba 2. Akwai wani ƙaramin mataki da ake yawan mantawa: kafin a rufe lamba 2, a kwafi sabbin fayilolin da ke cikin foldar sources ta cikin C:\buɗe a ɗora su a kan na filashi, domin idan setup.exe na ciki da na waje suka saɓa, saƙon rashin direba zai dawo. A rufe duk tagar da ke nuna foldar C:\buɗe kafin umarnin ƙarshe, in ba haka ba DISM zai ƙi rufewa.

Wanda yake son gajeriyar hanya yana iya haɗa filashin Windows 10, wadda ta riga ta san NVMe da USB 3.0, ya cire fayil ɗin install na Windows 10 da ke cikin foldar sources ya maye gurbinsa da install.wim na Windows 7 da ya gyara, ta haka ba sai ya taɓa boot.wim ba.

A mayar da fayilolin cikin filashi, a tayar da kwamfutar da shi, kuma yanzu ma'ajiyar za ta bayyana. Bayan kammalawa a sanya direbobin babban allo, da na hoto, da na sadarwa, waɗanda ya fi kyau a sauke su tun da farko, domin kwamfutar ba za ta hau intanet ba sai an sanya na ƙarshen. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, saboda haka idan don wata tsohuwar na'ura ko manhaja aka sanya ta, ya fi aminci a bar kwamfutar ba tare da haɗa ta da intanet ba.