Yadda ake kare bakin tankin mota daga taɓo a hanyoyin damina

Daga Yuli zuwa Satumba, duk motar da ke shiga ƙauyukan Dukku, Nafada ko Balanga a jihar Gombe sai ta yi wanka da laka. Baƙar ƙasar nan mai danƙo, da zarar ta sha ruwa, mannewa take a jikin taya kamar tuwo, tayar baya kuma ta riƙa watso ta sama. A Hilux da yawancin motocin a-kori-kura bakin tankin mai yana dab da wannan tayar, don haka shi ke fara shan ɓarin. Masu sayar da kayan mota suna da rufi iri-iri na wannan waje, amma kafin ka fitar da kuɗi, ka san ta inda taɓon ke shiga. Da yawa ana rufe gaba ne, ɓarnar kuma tana zuwa ta baya.

Buɗe ƙaramar ƙofar tankin ka duba. Akwai rami da murfin yake zaune a ciki. A ƙasan ramin akwai ɗan huji, wani da siririn tiyo, wanda ke zubar da ruwan da ya taru. Murfin kansa yana da zoben roba a ciki, shi ne ainihin mai gadi. Bayan ramin kuma, inda ido ba ya gani sai ka leƙa ta saman taya, wuyan tankin ne, wato bututun da ke kai mai ƙasa, tare da ƙaramin tiyo da iska ke fita ta cikinsa lokacin da ake zuba mai.

Mota tana tafiya, murfi a ɗaure, zobensa lafiya, da wuya taɓo ya shiga tanki. Lokacin da yake shiga shi ne a gidan mai. Lakar ta bushe a gefen murfi, yaron famfo ya murɗa, ɓarɓashin ya zube ciki, bakin famfon ya tura sauran. Idan kuma hujin nan na ƙasa ya toshe, ramin ya zama ɗan tafki, ana cire murfi ruwa ya gangara. Ruwa ya fi mai nauyi. Lita ɗaya tasa kilo ɗaya ce, ta dizal wajen giram 850, ta fetur kuwa wajen 750, shi ya sa yake kwantawa a gindin tanki, daidai inda famfon man motar ke zuƙa. Injin fetur kan yi ta shaƙewa da tari. Injin dizal na zamani, wanda ke fesa mai da matsi mai tsananin ƙarfi, ba ya yafe ko ruwa ko yashi: famfo da injekta su ke biyan bashin, kuma kuɗinsu ya ninka na kowane rufi sau da yawa.

Fara da wanki, ba da saye ba

A bar murfi a ɗaure. A jiƙa busasshiyar lakar da ruwa, a goge da tsohon buroshin haƙori har cikin lungunan ramin. Kada mai wankin mota ya saita bakin injin feshinsa kai tsaye a kan murfi, ƙarfin ruwan na iya ɗaga zoben. Sannan a zuba ruwa rabin kofi a ramin. Idan ya zube ƙarƙashin mota nan take, hujin na aiki. Idan ya tsaya, a zura tsohuwar wayar kuloc ta babur a hankali har ta fito ƙasa, a sake gwadawa. Sai waje ya bushe a kwance murfin a dubi zoben: in ya tsattsage, ya taurare, ko ya baje kamar an taka shi, a sauya murfin gaba ɗaya da irin na motar. Murfi mai ƙara idan an ɗaure, a murɗa shi har sai ya yi ƙarar.

Wani kuskure da ake yawan yi: yanka tif ɗin taya a yi zobe da shi. Robar tif ba ta jure fetur, kumbura take ta yi laushi ta marmashe, gutsattsarinta su bi mai. Zoben bakin tanki da robar naitiril ko makamanciyarta ake yin sa.

Rufin gaba

Motar da ta zo da ƙofar tanki mai lafiya ba ta buƙatar komai sai a tabbata ƙofar tana kamawa da kyau. Masu buƙatar rufi su ne waɗanda murfinsu ke fili: a-kori-kurar da aka cire mata bodin asali aka yi mata na walda, tarakta, da motoci irin Jeep Wrangler ta 2007 zuwa 2018 da aka ƙera ba ƙofa. Akwai ƙofar ƙarfe ko ta roba mai tauri da ake ɗaurewa da noti, akwai wadda ake mannawa da gam mai fuska biyu, akwai kuma hular roba da ake kifawa a kan murfin.

Mai noti ta fi. Mai gam tana da sauƙin sawa, a goge fenti da sifirit, a danna sosai, a bar ta kwana ɗaya ba wanki, amma zafin Maris da Afrilu a Gombe, ga rawar hanya, ga man da ke ɗiga a gidan mai, sukan sa ta fara ɗagowa daga gefe, kuma ta wannan gefen laka ke shiga ta maƙale. Ko wacce aka zaɓa, a tabbata ƙasanta yana da mafitar ruwa. Rufin da ya toshe ƙasa ruf, gara babu shi, domin yana tara ruwan ne ya ɓoye maka. Mahaɗin ƙofar ya kasance a gaba ko a sama, don reshen ƙaya ko kara ya danne ta maimakon ya fizge ta.

Hular roba kuwa sai an yi hattara. Tanki numfashi yake. Mai yana raguwa, dole iska ta maye gurbinsa. A tarakta da babur da tsofaffin motocin dizal da yawa, ta ɗan huji a jikin murfi iskar ke shiga. Masu babur da ke ɗaure murfi da leda da kyauro idan hadari ya taso sun san sakamakon: a yi tafiya kaɗan babur ya mutu, a buɗe murfi a ji ya zuƙi iska, ya tashi kamar ba shi ba. A mota abin kan kai tanki ya lotsa. Hula ta zauna sako-sako kamar malafa, tana kare sama, ƙasanta a buɗe.

Garkuwar baya

Nan ne aikin yake. Motoci da yawa sun fito daga kamfani da wata roba mai tauri a cikin madigad wadda ke kare wuyan tanki. Ita ce ta farko da ke ɓacewa, ko hanya ta karya ta, ko an cire ta wajen gyara aka jefar. Daga nan laka ta taru a kan bututun da kilif-kilif ɗinsa, ta riƙe danshi wata da watanni, tsatsa ta huda ƙarfen. Alamarsa warin mai bayan an cika tanki, ko jiƙa a jikin bututun. Hujin da mai ke fita, ta nan ruwa ke shiga idan an ratsa rafi.

Idan an samu ta asali a wurin masu kayan gwanjo, ita ta fi. In babu, ana yin ta. Abin da ake nema: gefen jarka mai lita 25, wadda robarta ba ta jin mai, ko guntun bel mai kaurin milimita 3 zuwa 5, kwali, almakashi ko wuƙa mai kaifi, wasa (zoben ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin noti) masu faɗi, da maɗaurin roba guda shida zuwa takwas.

A ɗaga motar, a sa mata abin tokare mai ƙarfi, ba jak kaɗai ba, a cire tayar. A kankare lakar da itace, a wanke, a bari ya bushe. In akwai tsatsa ta sama-sama, a goge da hannu a shafa fenti mai hana tsatsa. In ta ci ta huda, sai sabon bututu, ba a yi masa faci. A yanka kwali ya rufe bututun ta ɓangaren taya, ya zarce shi da kamar santimita 5 kowane gefe, sannan a zana shi a kan robar a yanka. Huda robar a yi ta nesa da mota. A ɗaure ta a notocin da ke nan tun asali, da wasa mai faɗi don kada ta yage, maɗaurin roba ya kama sauran gefen. Ba walda, ba giranda, ba huda ƙarfe kusa da bututun. Tururin fetur ba ya buƙatar fiye da tartsatsi ɗaya. In ka ga siririyar waya ɗaure a wuyan tankin, ta as ce, wato mai sauke lantarki zuwa bodi don kada tartsatsi ya tashi, ka bar ta yadda take.

Wurare biyu ake ɓata wannan aiki. Na farko, a manna garkuwar a jikin bututu: yashi ya shiga tsakani, rawar hanya ta mayar da shi sanfefa. A bar tazarar yatsa ɗaya, ƙasa kuma a buɗe don abin da ya shiga ya zube. Na biyu, a auna tazarar taya mota tana empti. Ranar da aka loda buhunan masara daga Kumo, bodi zai sauka, taya ta ci garkuwar. A gwada da kaya, ko a hau tudu da taya ɗaya har gefen ya danne, a ga ko akwai sauran yatsa uku. A kuma duba kada a matse ƙaramin tiyon iska; in ya lanƙwashe, famfon gidan mai zai riƙa katsewa tanki bai cika ba.

Bayan haka sai al'ada. Tsumma ɗaya a ajiye a ƙofar direba, a goge gefen murfi kafin a buɗe, ko da layi ya yi tsawo ana yi maka hon. Kada a ɗora murfin a kan taya ko bodi mai laka. In za a sha mai daga jarkar 'yan bumburutu, mazurarin ma a duba cikinsa.

Idan kuma an ga laka ko ruwa mai yawa ya shiga da ido, kada a ko murɗa makulli, domin famfon da ke cikin tankin motar fetur yana fara aiki tun kafin inji ya tashi. A sauke tanki a wanke, a sauya filta. A motar dizal, fitilar dashbod mai nuna ruwa ya taru a filtar mai idan ta kama, a tsaya a kashe inji, a tara gwangwani a ƙarƙashin filtar, a sassauta toshiyar ƙasanta kamar juyi biyu, a riƙa danna famfon hannu da ke samanta har ruwan ya ƙare dizal zalla ya fara fita, sannan a ɗaure da hannu, ba da filaya ba.