Yadda zaka ɗauki waƙa ta fita fes, da piyano ko da kwamfuta

Kafin kayi gardamar piyano ko softwaya fara gyara ɗaukar sautin tukuna. A softwayar haɗa waƙa irin FL Studio ko Cubase saita aikinka akan 24-bit da 48kHz, kuma kada ka bari mitar ƙarfin sauti ta taɓa ja, ka tsaya wajen -12dB, don sautin da ya fashe wajen ɗauka da wuya a iya gyara shi. In makirfon ɗinka kondensa ne kunna 48V, wato wutar da yake buƙata, a sawun kad (na'urar da ke haɗa makirfo da kwamfuta), mawaƙi ya ja baya kamar taƙi ɗaya, a kashe fanka, a rataya bargo mai kauri a bayansa.

Toh batun kiɗa, piyanon Yamaha PSR da situdiyoyin Kano suka saba dashi yana da daɗin hannu, kana dannawa yana amsawa nan take, amma sautukansa kowa ya haddace su wallahi. Softwaya irin Vital da Dexed kyauta suke, Dexed ma kwaikwayon piyanon Yamaha DX7 ne na 1983, sai dai in buffer, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, yayi girma zakaji sauti na makara, sai ka rage shi zuwa 128 in kwamfutarka tana da ƙarfin ɗauka.

Ni shawarata haɗa su zakayi, jona piyanon da wayar USB ka ɗauki MIDI, wato bayanin abin da ka danna ba sautin ba, hannunka ya buga, daga baya ka canza sautin yadda kake so ba sai ka sake bugawa ba. In ka gama fitar da waƙar a fayil ɗin WAV, kuma ko a WhatsApp zaka tura wa mai miksin ka tura a matsayin dokumen.