Yadda ake kiwon shanun nono cikin itatuwa don rage iskar da ke ɗumama duniya

Saniya na fitar da iskar metan ne galibi ta hanyar gyatsa, lokacin da ƙwayoyin cikin tumbinta ke narka ciyawa. A tsawon shekara 100, ƙarfin wannan iska wajen ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon kusan sau 28. Saniyar da ke cin busasshiyar ciyawa tana ba da nono kaɗan, gyatsar kuma ba ta raguwa, don haka kowace lita ta fi ɗaukar nauyin iskar. Makiyayan Kolombiya, tare da cibiyar binciken noma da kiwo ta CIPAV da ke birnin Kali, sun kama matsalar ta nan, ta hanyar shuka itatuwan da shanu ke cin ganyensu a cikin filin kiwo, kuma gonar El Hatico ta shahara a kan haka.

Da farko a zaɓi fili marar tsamin ƙasa wanda ruwa ba ya kwanciya, domin itacen da za a shuka, wanda ake kira Leucaena, ba ya son duka biyun. Ƙwayarsa tana da tauri, sai a jiƙa ta a ruwan zafi na ɗan mintoci kafin shuka. A shuka layi-layi da cunkoso, fiye da tsiro 10,000 a hekta, a sa ciyawa tsakanin layuka, a bar manyan itatuwa nan da can saboda inuwa.

Daga nan sai haƙuri, kuma nan mutane suka fi faɗuwa. Kada a saki shanu sai itacen ya kafu ya fi mutum tsayi. In aka gaggauta, za su cinye shi har gindi, aikin watanni ya tafi a banza.

A raba filin gida-gida da waya mai lantarki. Shanu su ci gida ɗaya kwana ɗaya, a mayar da su na gaba, wancan ya huta kamar kwana 40. Ganyen Leucaena yana da furotin, sinadarin tanin da ke cikinsa kuma yana rage metan a tumbi. Saiwarsa tana zuba wa ƙasa naitirojin, sinadarin da tsirrai ke samu daga taki, abin da ya sa El Hatico ta daina sayen takin yuriya, wanda shi ma yake sakin iska mai ɗumama yanayi.

A saba wa shanu da ganyen a hankali, tare da ciyawa, saboda yana ɗauke da guba mai suna mimosin. Saniyar da ta fara zubar da gashi ko dalalar miyau, a janye ta daga filin nan take.