Darasi na Shida: Yanka Allon Siminti da Buga Shi a Jikin Gida

Allon siminti dogon falle ne da ake rufa bangon gida da shi ta waje. Ana jera shi layi-layi daga ƙasa zuwa sama, kowane layi ya ɗan hau kan na ƙasa da shi, kamar gashin tsuntsu. Da siminti ake yin sa, da yashi mai laushi, da zaren itace irin wanda ake yin takarda da shi, da ruwa. Gara ba ta cin sa. Wuta ba ta kama shi. Ba ya ruɓewa kamar katako.

Wani mutumin ƙasar Ostiriya, Ludwig Hatschek, shi ya ƙirƙiro hanyar yin irin wannan allo wajen shekarar 1900. A lokacin, da zaren wani ma'adini mai suna asbestos ake haɗa shi. Daga baya aka gane asbestos yana jawo ciwon huhu da ciwon daji, sai kamfanoni suka fara komawa zaren itace a shekarun 1980. Na kawo wannan tarihi ne don dalili ɗaya: idan ka tarar da tsohon allo a jikin tsohon gida, kada ka yanka shi, kada ka huda shi, kada ka kankare shi, sai masani ya gwada ya tabbatar babu asbestos a ciki. Wannan darasi a kan sabon allo yake.

Ɗauka da ajiya

Allon da aka fi samu tsawonsa ƙafa 12 ne, wato mita 3.6 da ɗoriya. Kaurinsa kimanin milimita 8. Mai faɗin santimita 21 nauyinsa ya kusa kilo 9.

A jikin bango yana da ƙarfi, amma a hannu yana da saurin karyewa. Ranar da na fara aiki da shi na ɗauki guda ɗaya a kwance, ni kaɗai, na riƙe tsakiya. Bakunan biyu suka lanƙwaso ƙasa, ban yi taku biyar ba na ji ƙas! Ya rabu biyu a hannuna. Tun daga ranar a tsaye nake ɗaukarsa, gefe ɗaya sama gefe ɗaya ƙasa, kuma mu biyu.

A ajiye shi a kwance a wuri mai lebur, a ɗaga shi daga ƙasa, a rufe shi. Jiƙaƙƙen allo ba a buga shi. In ka buga, zai bushe ya tsuke, inda alluna biyu suka haɗu ya buɗe baki.

Yanka

A nan za mu ɗan daɗe, domin a nan hatsarin yake. Yashin da ke cikin allon yana ɗauke da wani abu mai suna silika. Idan zarto mai gudu ya ci allon, silika takan tashi ta zama ƙura mai laushi ƙwarai, wadda mafi muninta ido ba ya gani. Tana shiga can cikin huhu ta zauna, ba ta fita. Shekara da shekaru tana yi wa huhu tabo, har numfashi ya fara wuya. Cutar ba ta da maganin warkewa. Kuma ba ta nuna kanta da wuri, shi ya sa matasa ke raina ta.

Hanyoyin yanka uku ne, kuma ba ɗaya suke ba.

Ta farko ita ce tsaga da karyawa. Ka ɗora allon fuskarsa na kallon sama. Ka auna, ka ja layi da fensir da sukwaya. Ka bi layin da wuƙa mai ƙarfin baki sau biyu ko uku, kana dannawa, sannan ka karya a kan layin. Kusan babu ƙura. Bakin ba ya fita sumul, don haka a sa shi inda zai ɓuya.

Ta biyu almakashin allon siminti ne, na hannu ko na lantarki. Gatsa yake yi, ba niƙa ba, yana fitar da siririn zare yana nannaɗewa. Shi ma ƙurarsa kaɗan ce. Ka kifa allon, fuska ƙasa, don bakin mai kyau ya fito a fuskar. In ka tambaye ni, ga mai aikin gida ɗaya, wannan ce hanyar da ta fi.

Ta uku zarton lantarki mai faifai. Shi ya fi sauri, shi ya fi ƙura. Faifan yanka katako ba ya yi, nan da nan yake dakushewa. Akwai faifai na musamman mai haƙora huɗu zuwa shida masu bakin daimon. Ƙarancin haƙoran ne ke rage ƙurar. A haɗa zarton da injin zuƙe ƙura mai mataci mai kyau. A yi yankan a waje, ba a ɗaki ba. Ka tsaya inda iska za ta kwashe ƙurar ta yi gaba da ita, ba fuskarka ko ta abokin aikinka ba. Ka sa tabarau da takunkumi mai lamba N95 ko wanda ya fi shi, ya kama fuska sosai. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan ƙura. Injin gugar ƙarfe kuwa, kada ma ka kusanto da shi.

Idan an tashi aiki ba a share wurin da busasshiyar tsintsiya. A yayyafa ruwa tukuna, ko a zuƙe da inji.

Abu na ƙarshe kafin allon ya bar teburin yanka: duk bakin da ka yanka, ka shafa masa fenti. Ta nan ruwa ke shiga. Minti ɗaya ne aikin, amma shi aka fi mantawa.

Shirya bango

Allon ba shi kaɗai ke tare ruwa ba. A bayansa sai an shimfiɗa mayafin kare ruwa a jikin bangon, daga ƙasa zuwa sama, na sama ya hau kan na ƙasa. A sa fallen kwano a saman taga da ƙofa. A buga katakan kusurwa da na kewayen taga. Sannan ka nemo ginshiƙan katako da ke cikin bangon ka yi musu alama. Yawanci tsakaninsu santimita 40 ne ko 60. A cikinsu ƙusa za ta shiga.

Layin farko

Kada allon ya taɓa ƙasa. Ka bar santimita 15 tsakanin bakinsa da ƙasa. Inda ya haɗu da dakali ko matakala ko rufi, ka bar kimanin santimita 5. Allon da ke zaune cikin danshi fentinsa kan ɓare, bakinsa ya kumbura.

Ka yanko siririn allo mai faɗin santimita 3, ka buga shi a can ƙasa. Aikinsa ya ɗan turo layin farko waje, don ya karkata daidai da sauran. Ka ja igiyar alli, ka duba da ma'aunin lebur. Kada ka yi gaggawa a nan. Karkatar da ba ta kai kaurin fensir ba a layin farko, kafin ka kai rufi kowa zai gan ta daga nesa.

Ƙusa

Ƙusa marar tsatsa ake so, wadda aka tsoma a narkakken zinki, ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Ta alminiyom ba ta yi, domin siminti yana cin ta. Tsawonta ya isa ta ratsa allon ta shiga ginshiƙi santimita 3.

Ka buga ta santimita 2 zuwa 2.5 daga bakin sama, inda layi na gaba zai rufe ta. Kada ta matso ƙarshen allon fiye da santimita 1, sai ya tsage. Kan ƙusar ya kwanta daidai da fuskar allon, shi ke nan. In ya nutse, ya fasa fuskar, kuma ba ya riƙe komai. Wanda ya saba da katako yakan ƙara guduma ɗaya don jin daɗi. A nan wannan gudumar ɓarna ce. Mai bindigar ƙusa ya gwada a guntun allo tukuna, ya rage iska har kan ƙusar ya daina nutsewa.

Kowane layi ya hau na ƙasa da santimita 3 da ɗoriya, kada ya gaza haka. Ka yanka ɗan katako ya zama ma'auninka, don kada ka riƙa auna kowane layi da tef. Duk da haka bayan layi huɗu ko biyar ka sake duba lebur.

Mahaɗa da rata

Inda alluna biyu suka haɗu baki da baki, mahaɗar ta faɗa a kan ginshiƙi. Ka zura guntun fallen kwano ko na roba a bayanta, ya sauko ya hau kan layin ƙasa, don ruwan da ya shiga ya fito waje. Bakunan su taɓa juna a hankali, ba matsi. Kada mahaɗar wannan layi ta zo daidai da ta layin ƙasa. Ka gusa ta da ginshiƙi biyu aƙalla.

Inda allo ya iso katakon taga ko kusurwa, ka bar ratar milimita 3, ka cika ta da danƙon toshe kafa mai miƙewa. Amma a saman fallen kwanon taga ka bar milimita 6, kuma kada ka toshe. Ƙofar fitar ruwa ce. Na sha ganin mai aiki ya toshe ta don ya ga ta yi kyau.

Wani allon da fentinsa yake zuwa. Wanda ya zo da shafen farko kawai, a yi masa fentin ruwa irin na akrilik, shafe biyu, ba na mai ba. Takardar kamfani tana faɗin kwana nawa za a iya jira kafin fenti. Ka karanta ta, ko ka ba wani ya karanta maka. Inda ta saɓa da ma'aunin wannan darasi, ita za ka bi.

Lissafi

Faɗin allo santimita 21, an rufe kimanin 3, saura kimanin 18 a fili. Tsayin bango santimita 270. Raba 270 da 18, ka sami layi 15. Tsawon bangon mita 7.2 ne, wato allo 2 a kowane layi. Layi 15 sau 2, allo 30 ke nan. Ƙara ɗaya cikin goma saboda yanka da karyewa, ya zama 33.

Yanzu naka: bango mai tsayin santimita 324 da tsawon mita 10.8, allo nawa zai ci? Rubuta amsar a littafinka.